Wampin 'Yar Fari

Ban taɓa jin sunan wampi ba sai ranar da 'yata ta fari ta shigo da ƙwallayensa a naɗe cikin jiƙaƙƙen tishu, ta miƙo mini a kicin ɗinmu na Dagenham. Lokacin tana tsakiyar sakandare. Tana da wata ƙawa a ajinsu wadda kakarta mutuniyar kudancin China ce, ita aka kawo wa 'ya'yan itacen daga can, ta ba yaran suka sha. 'Yata ta ce tana sawa a baki ta tuna da tsada, 'yar itacen dajin nan da nake yawan ba su labarin muna tsinka a hanyar gona, mai tsami da ɗan zaƙi a ƙarshe. Ita ba ta taɓa ganin tsada da idonta ba, a bakina kawai ta san ta. Amma ta riƙe maganar, har ta roƙi tsohuwar ta bar mata ƙwallayen. Tsohuwar ta ja mata kunne cewa kada a bari su bushe, in suka bushe sun mutu.

A ranar yayar maigidana tana gidan, ta zo daga Kano ganin likita, tana zaune a kicin tana kallonmu. Sai na ce wa yarinyar ta ajiye can gefen famfo, ban ko ɗaga kai daga tukunyar miya ba. Ta ajiye, ta hau sama. Yayar maigidan ta gyaɗa kai ta ce ashe dai Turai ba ta ɓata ni ba. Na ji daɗin yabon nan ƙwarai, har na ƙara mata tsoka a kwano.

A gidan da na tashi ba a wasa da kunyar ɗan fari. Mahaifiyarmu har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan babban wanmu a bakinta ba. Ba ta yaba shi a gaban mutane, ba ta jan shi a jiki, in ya yi abin kirki sai ta kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne. Haka na gani, haka na ɗauko na taho da shi Landan tare da daddawa da kuka. Ƙannen yarinyar biyu ina kiran sunansu yadda na ga dama, ina rungumar su a ƙofar makaranta kamar kowace uwa a layin. Ita kuwa “ke” ce. In ina nemanta sai in tambayi yaran ina yayarsu. Tana firamare ta taɓa tambayata dalili, na ce mata zancen banza ke nan, ta tashi ta kwashe kwanuka.

Baƙuwar na shiga alwala na buɗe tishun. Ƙwallayen kore ne shar, masu santsi, dogaye kaɗan. Na wanke kofunan yogot, na huda gindinsu da wuƙa, na ɗebo ƙasa na binne su, na jera a kan taga kusa da hita. Ban gaya wa kowa ba. Bayan 'yan makonni biyu suka tsiro, ɗaya ya ruɓe don na cika masa ruwa, ɗayan ya tsaya da ƙafarsa.

Daga nan na shiga wahalar da ban san na saya ba. Bishiyar ƙasar zafi ce, dangin lemo, ba ruwanta da sanyin Ingila. Ganyenta jere yake bibbiyu a kara kamar na darbejiya, sai dai ya fi faɗi da sheƙi, in ka murza shi yana tashi da ƙamshi tsakanin ɓawon lemo da kayan yaji. A shekarar farko ganyen ya riƙa yin ɗorawa yana zubewa. Na canza ƙasa, na canza taga, ban gane ba sai ranar da nake kankare farin ɓawon da ruwan famfo ke bari a butar shayi, na ce to abin da ya yi wa ƙarfe haka me zai yi wa saiwa. Na koma tarar ruwan sama. Mace da girmanta, da digirinta, ana fara yayyafi za ka gan ni a guje da bokitai da robar wanki ina jerawa a bayan gida, Baturiyar maƙwabciyarmu na leƙe ta tagarta. Sai kuma wasu ƙananan ƙwari da ke mannewa a bayan ganye kamar kaska, suna barin danƙo. Su ma na zauna musu da auduga da ruwan sabulu, ganye ɗaya bayan ɗaya. In hita ta yi yawa ganye ya zube, in na kashe yara su yi ta mita. Yawanci yaran ne ke sa rigar sanyi.

Kuma ina yi mata magana, wannan ba zan ɓoye ba. Da safe in ce mata 'yar lele an tashi lafiya. In ta fitar da sabon toho in yi mata kirari, in ce kai madalla da 'yar albarka mai jin magana. In ta yi yaushi in tambaye ta wa ya taɓa mini ita. Maigidan ya ce saura kawai in yi mata rajistar islamiyya. Na ce ya bar ni, ai ita ba ta mayar mini da amsa da Turanci.

Gidan namu yana da ɗan ɗakin gilashi a baya, wanda masu gidan na da suka liƙa wa kicin. Nan bishiyar ke yin hunturu. In bazara ta shigo mu fitar da ita ta sha rana, in masu faɗar yanayi suka fara zancen raɓa za ta daskare mu mayar da ita ciki. Kowace shekara tukunyar tana ƙara girma da nauyi. Maigidan yana da ciwon baya, ƙannen kuma ƙanana ne a lokacin, saboda haka yayarsu ce ke kama ɗaya gefen. Ita ke tafiya da baya ta hau dokin ƙofa, ni ina turowa, fuskokinmu duka cikin ganye, ni kuma ba abin da ke fita bakina sai ke ɗaga, ke a hankali, ke za ki karya mata reshe. Wani lokaci yatsunmu su haɗu a ƙarƙashin bakin tukunyar. Ko bayan ta shiga jami'a ba ta taɓa fashin wannan aikin ba, sau biyu a shekara, ba sai an kira ta ba.

Ta yi karatun haɗa magunguna. Duk jarrabawar da ta ci, in ta zo ta gaya mini, amsata ɗaya ce, to madalla, Allah ya sa albarka, sai in koma kan abin da nake yi. In na shiga ɗaki kuwa in rufe ƙofa in yi sujjada, wani lokaci har da hawaye. A tunanina ta sani. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ta ina za ta sani ba.

Shekarar da ta gama, ita ce shekarar da bishiyar ta fara fure. Ta riga ta wuce ni tsawo, na sha rage mata kai don kada ta tokare gilashi. Wata safiya na ga ƙananan furanni farare sun fito tuli a bakin reshe, na saki guɗa ni kaɗai a kicin. Da yake ba ƙudan zuma a cikin ɗakin gilashi, sai na riƙa bin su da ɗan tsinken auduga ina shafa wannan in shafa wancan. Yawancinsu suka zube, amma rassa biyu suka ɗaure. 'Ya'yan suka taso gungu kamar inabi, kore da fari, suna tafiya suna komawa ruwan ɗorawa mai duhu, da ɗan gashi-gashi a fatar. Kusan kullum sai na ɗauki hotonsu na tura wa dangi har Kano. A tsakiyar wannan aka yi bikin yaye su yarinyar a jami'a. Na je, na sa leshina mai kyau, amma da aka zo hoto na tura babanta da ƙannenta, na ce ni zan riƙe jakunkuna.

Da 'ya'yan suka nuna a ƙarshen bazara, na gayyaci matan da muke haɗuwa a masallaci ranar Juma'a. Na yi waina da miyar taushe, na fito da bishiyar tsakiyar fili, na ɗaura mata ƙyalle a tukunya. Ina tsaye ina zuba bayani, yadda ake tarar mata ruwa, abin da take so da wanda ba ta so, har sunanta da yaren mutanen China na faɗa musu, wai ma'anarsa fata mai ruwan ɗorawa. Na tsinko na rarraba. Kowa ta ɓare ta sa a baki ta yamutsa fuska, sannan ta miƙo hannu a ƙara mata. Ni ma na sha. Ba tsada ba ce, amma ta yi kusa.

Sai wata ƙawata mutuniyar Ghana, da Hausarta ta zango, ta tambaya: “Hajiya, wane ne ya ba ka irin wannan abu?”

A daidai lokacin yarinyar ta fito daga kicin ɗauke da tiren shayi. Ina ganinta, matan ma suna ganinta. Akwai manya a wurin, akwai waɗanda suka san gidanmu tun daga gida. Na ji kunyar nan ta taso mini tun daga ƙafa, irin wadda aka shayar da ni.

“Wata yarinya ce ta kawo,” na ce. “An daɗe.”

Ta ajiye tiren a hankali, ta zuba wa kowa, ta koma ciki. Hira ta ci gaba. Kafin la'asar an sha 'ya'yan tas, ba a bar ko ɗaya ba, sai ɓawo da ƙwallaye a faranti. Sai da nake kwashe farantan na tuna wadda ta kawo irin ba ta ɗanɗana ba.

Na same ta tana wanke kofuna. Kullum da Turanci take amsa mini, amma ranar sai ta juya ta yi Hausa, Hausarta mai tuntuɓe, wadda take jin nauyin yi a gaban mutane.

“Mama, na ji kin faɗi sunan bishiya da Chinese. Nawa na Hausa ne. Ba wuya.”

Maimakon in yi shiru sai na hau faɗa. Na ce yaran Landan ba su san komai ba sai a yi ta lallashinsu, na ce ni uwata ba ta taɓa zama ta yi mini bayanin kanta ba, na ce wa ya biya mata kuɗin littafi, wa ya kwana a asibiti lokacin da ta yi ciwon huhu. Ta bar ni na gama. Ta ɗauraye kofin ƙarshe, ta kife, ta goge hannu. Dama ta samu aiki a wani kantin magani a Edmonton, can arewacin Landan, da shirin za ta riƙa zuwa daga gida. Kafin wata ya ƙare ta kama ɗan flat a can ta kwashe kayanta. Ta durƙusa ta yi mini sallama yadda aka koya mata, ban sami abin kamawa a ladabinta ba. Daga nan wayarta ta koma ta babanta da ƙannenta, ni sai dai a ce tana gaishe ni.

Na yi makonni ina cika ina batsewa. Duk wanda ya taɓa ni a gidan sai ya ji. Wata rana na buga wa babban wanmu a Kano, shi da ya sha irin wannan kunyar a hannun mahaifiyarmu, don ya tabbatar mini ba a mutuwa da ita. Na zayyana masa komai. Ya yi dariya ya ce shi wallahi bai ma lura ba sai da ya girma. Ya ce ai kakarmu tun asuba take ƙwala masa kira har ya gaji da jin sunan, a ɗakinta yake kwana, ita ke ɓoye masa ƙanzo, goggonninmu kuma in ya ci jarrabawa har goya shi suke yi da girmansa. Ya ce mahaifiyarmu ba ta da abin yi ne, an riga an yi mata. Sannan ya tambaya, ba da wata manufa ba, don shi mutum ne marar kwana-kwana: “To ita a nan wurinku wa ke yi mata?”

Na ce masa layin ba kyau, na kashe. Na zauna a ɗakin gilashi na rasa inda zan sa fuskata, alhali ba kowa a wurin. Babu kaka a Dagenham, babu goggo, babu ɗakin da yarinya za ta ruga in uwarta ta kau da kai. Na ɗauko rabin al'ada na bar rabin a gida, na yi shekara ashirin da wani abu ina taƙama da rabin da na ɗauko. Abin da ya fi ƙona ni shi ne ba wai ban iya ba ne. Kowace safiya tana saukowa da jakar makaranta tana ji ina kiran tukunyar ƙasa 'yar albarka.

Sanin laifi daban, buɗe baki daban. Na ɗauki waya ban san sau nawa ba, in ajiye. Lokacin kaka ya shigo, ganyen bishiyoyin layinmu ya zube, aka fara cewa raɓa za ta daskare a ƙarshen mako. Ƙannen nata yanzu sun zama ƙarti, kowannensu zai iya rungumar tukunyar shi kaɗai. Suka ce su shigar da ita, na ce kada wanda ya taɓa. Na bar ta a waje. Kwana biyu ina kallon sabon tohonta yana baƙi a baki, ganyen yana lanƙwashewa, amma na dake. Da maigidan ya ce wai me nake nufi, sai na ce in ya yi waya da yayar yaran ya gaya mata bishiyar tana waje har yanzu. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce shi ya zama ɗan aike ke nan. Amma ya faɗa.

Ranar Asabar da hantsi ta zo. Ta gaishe ni, ba ta cire kot ɗinta ba, ta wuce bayan gida kai tsaye. Ta kama gefenta, na kama nawa. Ta yi baya ta hau dokin ƙofa kamar kullum. Wannan karon ban ce ɗaga ba, ban ce a hankali ba, don duk maganar da na ɗauko da “ke” take farawa. Muka sauke ta a kusurwarta. Ta duba tohon da sanyi ya ƙona, ta ce da Turanci zai farfaɗo. Na ce ga abinci, ta ce tana da aiki da rana. Ta sumbaci babanta a ka, ta ja kunnen ƙaramin, ta fita.

A ranar walimar nan, da na kwashe faranta, ban zubar da ƙwallayen ba. Na wanke na shuka su tun ba su bushe ba, ɗaya ya fito, yana kan taga a kofin yogot da ganye huɗu ko biyar. Na sure shi na bi ta, da zanin gida da silifas, ko mayafin kirki ban yafa ba. Ta yi nisa kaɗan, ta kusa wurin tsayawar bas. Layin ba kowa sai wani mutum can yana wanke mota.

Na tsaya a bakin ƙofa na kira sunanta. Ya fito mini wani iri, a shaƙe, kamar na ari bakin wata. Na ji kunnuwana sun yi zafi, na waiga ko wani ya ji. Ba ta juyo ba. Na ƙara, da ɗan ƙarfi. Ta ci gaba da tafiya, hannu cikin aljihu. Na san tafiyar fushinta, ba ita ba ce wannan. Ba ta san muryata da wannan sunan ba, ta ɗauka wata ake kira a wani gida.

“Ke!” na ce.

Nan take ta waiwayo. “Na'am, Mama.”

Na ƙarasa wurinta da ƙyar, silifas na zamewa a jiƙaƙƙen ganye. Na miƙa mata kofin, na ce kada ta ba shi ruwan famfo. Ta ce ta sani. Ta dubi ɗan tsiron, ta dube ni, ta dubi layin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ta ga ba wata mace a waje sai ni.

“Ɗazu,” ta ce da Hausa, “ke ce?”

“Ni ce,” na ce, idona a kan yatsun ƙafata.

Ta karɓi kofin da hannu biyu. Bas ɗinta ta taho, ta rage gudu, ta ga ba wanda ya ɗaga mata hannu, ta wuce.